Dela da Kuregen Rijiya

A Dakoro, duk wanda ya girma zamanin Nasara ya san Dela mai fura. Gajera ce, baƙa wuluk, ga baki kamar reza. Sai ta zage ka tas a bakin rumfarta, sannan ta ƙara maka nono a ƙoƙo. Ba ta taɓa riƙe allo ba, ba ta san ƙofar lakwal, makarantar boko, ba, amma Allah ya hore mata tatsuniya. In ta buɗe baki, har tsofaffin da ke cewa wasan yara ne sai ka ga sun matso da buzunsu.

Abin da ya sa har yau muke bugun ƙirji da ita kuwa, maganar Tanimu ce, ɗan wanta. Shekarar da kumandan, Baturen mulki, ya sa a haƙa rijiya a hanyar Azagor, gardi, 'yan sandan Nasara, suka kwashi samari aikin tilas, har da Tanimu da ƙanensa Badaru. Suna can ƙasa rairayi ya rufto. Aka jawo Tanimu da igiya, Badaru kuwa can aka bar shi. Tun ranar Tanimu ya daina magana. Yana zaune gindin aduwa yana kallon tafin hannunsa, abinci sai an ɗura masa. An yi rubutu, an yi turare, an yanka baƙin akuya, shiru. Da ya fara ɗaga wa mutane hannu in sun matsa masa, mahaifinsa ya yanke shawara: ranar kasuwa mai zuwa za a kai shi gidan boka a sa shi a turu.

Dela ta taɓa ganin waɗanda aka sa a turu, ba ta ga wanda ya fito da hankalinsa ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Yaya, ka bar mini shi zuwa kasuwa," ta ce da wanta.

"Ke mi gare ki da malammai ba su da shi?"

"Baki."

Washegari da hantsi ta jawo turminta har gindin aduwar. Ba ta ko dubi Tanimu ba, ta hau daka tana ba tabaryarta labari. Matan gida suka riƙe baki. Tatsuniya da rana tsaka? Ai an ce mai yin haka ɓacewa yake yi a kasuwa.

"Kasuwar Dakoro?" in ji Dela. "In na ɓace ku duba bayan mai gishiri."

Labarin kurege biyu ne, wa da ƙane, da zaki ya tilasta musu haƙa masa rami. Ta faɗi yadda hasken sama yake ƙanƙancewa, da yadda ƙaramin yake waƙa don ya kori tsoro. Da ta kawo inda ƙasa ta fara zuba, sai ta kwashe garinta ta yi gaba. Haka ta yi ta yi kullum, kullum kuma a nan take tsayawa. Tanimu bai ce uffan ba, amma ta lura ya daina kallon hannunsa in tana magana.

Ana gobe kasuwa, an riga an ɗauro jakin da zai kai shi. Dela ta dama fura, ta ajiye ƙoƙon kusa da ƙafarsa. Ta hau daka da labarin, ko da yake ta san abin da za ta yi yana iya ƙarasa shi. Da ta iso wurin zubar ƙasa, wannan karon ba ta tsaya ba.

"Sai babban kurege yag ga mutuwa," ta ce da ƙarfi, "yas saki ƙanenai, yat tsere abinai. Matsoracin banza!"

Tabarya ta sauka, ta sake sauka. Sai aka ji wata murya a dushe.

"Ƙarya ne, Gwaggo."

Matan suka daskare. Dela ba ta waiwaya ba.

"Kai wa, da za ka gyara mini tatsuniyata?"

"Bai sake shi ba." Tanimu ya ɗago kai. "Ya riƙe shi da hannu biyu. Har da haƙori ya kama rigatai. Ƙasa ta ƙwace shi. Na bisa sunka ja igiya, yana kuwwa su bari, ba su ji ba."

Sai a nan ta ajiye tabarya, ta durƙusa gabansa, hawaye na bin kumatunta.

"To, ɗana, kai ka san ramin, ni ban sani ba. In haka ne kuregen nan bai da laihi ko ƙanƙane. Don mi kake hana mishi hura?"

Tanimu ya kifa kai a kafaɗarta, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar. Da ya lafa, ya ɗauki ƙoƙon da kansa ya shanye. Mahaifinsa ya je ya kwance jakin.

Warkewar ta ɗauki lokaci, kuma har ya tsufa bai sake leƙa rijiya ba. Amma ya yi noma, ya yi aure, ya sa wa ɗansa na fari Badaru. Dela kuwa har ta rasu, in aka ce mata ta iya magani, sai ta taɓe baki ta ce ita ƙarya kawai ta yi, yaron ne ya faɗi gaskiya.