Mai Shanun Ƙauyen Kakanni

A garinmu da ke Nebraska, in ka ce Elwin Tarbell sai mutum ya ɗan yi tunani. Amma in ka ce mai shanun Ƙauyen Kakanni, ba wanda zai sake tambayar ka.

Ƙauyen Kakanni gidan tarihi ne na gunduma, can bayan gari a bakin rafi. Akwai ɗakunan ƙasa masu rufin ciyawa, da maƙera, da ƙaramar makaranta, da cocin katako. Ƙa'idar aikin guda ce: ma'aikaci da ya ƙetare shinge ya koma zamanin da kakanninmu suka iso da kekunan shanu. Ba agogo, ba waya, in baƙo ya yi masa zancen mota sai ya ce bai taɓa jin wannan dabba ba. Harajin gunduma ne ke riƙe da wurin, kuma bayan 'yan shekaru akan kaɗa ƙuri'a a sabunta shi. Kullum yakan wuce ba gardama.

Elwin ɗan gona ne da ya tashi ya tarar an sayar da gonar. Ya yi dako a rumbun hatsi har bayansa ya ƙi, sannan aka ɗauke shi a ƙauyen saboda shi kaɗai ya rage a gundumar wanda ya iya ɗaura wa shanu karkiya, abin da ya koya a wurin kakansa. Aka ba shi maruƙa biyu jajaye, ya sa musu suna Amos da Jubal. Shi ya raine su da kwalbar madara, shi ya hore su. Bai taɓa ɗaga musu bulala ba. Da murya yake juya su, ya ce dama su yi dama, ya ce tsaya su ƙame. Wani kuwa ko zai yi ihu har maƙogwaronsa ya bushe, kallonsa kawai za su yi suna tuƙa.

Da a nan Elwin ya tsaya, da ba labari. Amma mutumin yana da baki, kuma yana son tafi. In motocin 'yan makaranta suka zo, sai ya tsayar da garma a tsakiyar kunya, ya tura hular kakansa baya, ya ɗaga tafukansa masu kanta.

"Kun ga hannuwan nan? Da su muka tsaga ƙasar nan. Ba gwamna, ba sanata, ba wanda ya ba mu ko allura. Namiji ba ya miƙa hannu!"

Yara su amsa da ƙarfi, malamai su yi tafi. Shugabar wurin, Madam Kubik, ta sha jan sa gefe.

"Mista Tarbell, wannan ba ya cikin abin da muka koya maka. Gwamnati ce ta ba kakanka fili kyauta, bayan sojoji sun kori masu shi."

"Madam, ke ki riƙe littattafanki. Yara ba darasi suka zo ji ba."

Matarsa Nadine ba ta da irin wannan ladabin. Ranar albashi takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, namijin da ba ya miƙa hannu. Yau da ƙafa ka karɓo?" Sai ya tsuke fuska ya wuce wurin tukunyar kofi. Ya daɗe yana faɗin maganar nan har ta daina zama wasan kwaikwayo, ya koma yana yin ta a shagon kofi, da bakin coci, da wurin aski.

Yaran da suka yi ta amsa masa suka girma, suka zama masu biyan haraji. Shekarar da ƙuri'a ta sake zagayowa, wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar ƙin haraji, suka buga alluna suka kakkafa a ƙofar gidaje. Ba komai aka rubuta a kai ba sai maganar Elwin, da zanen mutum mai hula riƙe da garma. Ranar da ya fara ganin allon, maimakon gabansa ya faɗi, daɗi ya ji. Har rage gudun mota ya yi don ya ƙare masa kallo.

Madam Kubik ta tara ma'aikata ta ce kowa ya sa kayan aikinsa a fita ranar kasuwar baje koli a roƙi jama'a. Maƙeri ya yarda, mai saƙa ta yarda, malamar makaranta ta yarda. Ta juyo wurin Elwin.

"Kai suka fi ji. Ka fito da Amos da Jubal, ka ce wa mutane harajin nan ne ciyawarsu. In ya faɗi, doka ta ce a yi gwanjon duk abin da ke numfashi a nan."

"Ni in tsaya da hular kakana ina roƙo? A gaban wa?"

"A gaban waɗanda ke biyan ka tun kafin ka yi furfura."

Bai je ba. Ya ce bayansa ya tashi. A shagon kofi abokansa suka yi ta buga masa kafaɗa, suna cewa ga namijin duniya, ko a kan tuwonsa ba ya lanƙwasa. Ya yi murmushi ya kurɓi kofi. Ranar zaɓe ya shiga bayan labule, ya waiga ko ana kallonsa, ya dangwala wa harajin "e" kamar mai sata. Ya ɗauka sauran jama'a ma haka za su yi.

Ba su yi ba. Harajin ya faɗi, kuma da ƙyar ya faɗi, abin da fitowar shanu biyu da kalma ɗaya daga bakinsa za su iya juyawa. Kowa ya san haka, ba dai wanda ya faɗa masa. Maƙeri ya daina gaishe shi. Nadine ma ta daina tsokanarsa, wannan kuwa ya fi masa zafi.

Aka raba kaji da tumaki a gwanjo. Amos da Jubal sun tsufa, cinsu ya fi na gida guda, kuma ba mai huɗa da shanu a ƙasar da injin ke nome gari kafin azahar. Elwin ya yi ta waya gonaki da gidajen tarihi na wasu jihohi, kowa ya ce nasa ma sun ishe shi. Shi kansa a gidan haya yake, filin gidan bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Mai mayanka ne ya taya, aka sallama masa.

Da safiyar ɗauka, Elwin ya zo da kayan gida, ba hula. Ya tsaya nesa a jikin maƙera don kada shanun su gan shi. Direban motar da za ta kai su mayanka, Dwain Ostrander, ƙato ne mai fara'a, ya kafa matakala ya yi ta fama. Ya ja, ya tura, ya yi fito. Shanun ko gezau. Daga ƙarshe ya koma gaban mota ya ɗauko sandar lantarki ta korar shanu.

Elwin bai san lokacin da ya iso wurin ba.

"Ajiye wannan, ɗana."

"Kai, Mista Tarbell! Ashe kana nan." Dwain ya cire hularsa ya washe baki. "Ba ka gane ni ba ko? Ni ne yaron da ka ɗora a bayan Jubal ina aji uku. Wallahi maganarka ce ta raine ni. Ita na tuna ranar ƙuri'a. Taimaka ka yi musu magana mana, rana na yi."

Amos ya riga ya juyo, ya kawo hancinsa yana shinshinar aljihun da ya saba samun tuffa. Elwin ya dubi sandar, ya dubi matakalar. Ya so ƙasa ta buɗe ya shige. Ya gyara murya, irin wadda yake yi kowace safiya in za su fita gona.

"Amos. Jubal. Mu je."

Suka jera kafaɗa da kafaɗa kamar akwai karkiya a wuyansu, suka hau ba gardama. Dwain ya rufe ƙyaure ya zura sakata.

"Ka ga aiki! Mista Tarbell, don Allah ɗan maimaita min maganar nan in ɗauka a waya, in nuna wa yarana."

Elwin ya matso ya kama hannun rigar Dwain da hannu biyu, a gaban Madam Kubik da maƙeri da duk wanda ke wurin.

"Ina roƙon ka. In kun isa, kada ka bari a taɓa su da sandar nan. Ba su san duka ba. Ka ji? Roƙon ka nake yi."

Dwain ya sunkuyar da kai, ya ce shi direba ne kawai, a bakin ƙofar mayanka yake sauke su.