Tukunyar da Ta Ƙi Amsa Sallama

A Ba'awa na girma, can ƙasar Kiru, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara nasu su tafi. Lokacin kaka, da an idar da sallar isha'i sai a hura wutar kara a tsakar gida, a zuba wa kowane yaro gyaɗa a faifai, kakarmu Dada ta fito da 'yar kujerarta. Ba ta tatsuniya a banza. Duk sanda ta ji ƙarar ɓara ta tsaya, bakinta ma ya tsaya, ko da kuwa kura ta buɗe baki za ta cinye mutum ne. Daga wajen Falgore aka auro ta, cikin makiyaya ta tashi, shi ya sa har ta tsufa ba ta wuce saniya ba tare da ta yi mata sannu ba. Idan za ta fara labari sai ta ce, "Ga wata baƙuwa a bakin zaure, wa zai ba ta tabarma?" Mu kuma mu haɗa baki mu ce mun shimfiɗa.

Ni kaɗai ce mace a gidanmu da aka sa a boko, kullum ina bin yayyena maza a ƙasa zuwa Kiru. Ina aji huɗu aka ce wata Baturiya za ta zo daga Kano ta zaɓi 'yan mata biyu da za su wuce makarantar kwana. Baba bai ɓoye mini ba: in ba a ɗauke ni ba, boko ya ƙare ke nan, karatun allo ya ishe ni. Ni kuwa ina son tafiyar nan har cikin raina. Lissafi ba ya ba ni wahala, rubutuna ma ana nuna wa 'yan aji. Wasu ƙananan kalmomi uku ne na Turanci suka tsaya mini a wuya.

Malaminmu, Malam Idi, ya koya mana cewa namiji "he" ne, mace "she", sauran abubuwa da dabbobi kuma duk "it". Kaina ya ƙi ɗauka. Tun da na buɗe ido tukunya ita ce, turmi shi ne, to yaya za a yi rana ɗaya a ce ba haka ba? Sai in tashi in kira kujera "she" da ƙarfina, aji ya tuntsire da dariya. Malam Idi ya dafa kai ya ce, "Asabe, yau ma kin ɗaura wa kujera ɗankwali."

Saura kwana uku Baturiya ta zo, ina ɓarar gyaɗa hawaye na ɗiga a faifai. Dada ta lura.

"Ke, gyaɗar nan ba a jiƙa ta. Me aka yi miki?"

Na kwashe komai na gaya mata. Ta saurara da kyau, sannan ta tambaye ni yadda Turawa ke cewa baƙin sa. Na faɗa. Baƙar saniya fa? Na ce ai baƙin ba ya canzawa, "black" ne ko na namiji ko na mace ko na garke guda.

"Riga ɗaya ke nan, miji ya sa, mata ta sa, 'ya'ya su sa," in ji Dada. "Ashe duk kuɗinsu marowata ne. To wannan ai sauƙi ne a wurinki. Ɗayan fa, me kika ce sunansa? Iti? Ai na san asalinsa. Ku shimfiɗa tabarma."

Na tabbata a wurin ta ƙirƙiro labarin, don ba mu taɓa jin sa ba kafin ranar, kuma tana yi tana satar kallon kayan girkin da ke jingine a bango. Ta ce wata mata ce ta yi ƙaura zuwa Turai da kayan ɗakinta duka, a zamanin da kayan ɗaki ke magana. Suka isa wani kogi da ya ninka Kogin Kano sau bakwai. Mai fito ya ce dokar jirginsa ɗaya ce: maza dama, mata hagu. Nan fa rigima ta ɓalle. Turmi ya ce ba mai raba shi da matarsa Taɓarya. Tukunya ta ce ba za ta zauna kusa da Muciya ba, kullum dukanta take yi. Ludayi, da yake cikin Ƙwarya aka goyo shi, ya ce shi namiji ne, a sauke shi. Wannan ya tsallaka, waccan ta tsallaka, jirgi ya karkata har ya fara shan ruwa.

Dada ta kumbura murya ta zama mai fito. "Ku tsaya. Zan bi ku ɗaya bayan ɗaya in yi sallama. Wanda ya amsa, in ji muryarsa in san gefen da zan sa shi. Wanda ya yi mini shiru, tsakiyar jirgi." Mutanen da ke ciki duk suka amsa, aka zaunar da su. Da aka zo kan Tukunya sai ta tura baki, ita fushi take yi. Sauran kaya suka ga babbar yaya ta yi shiru, su ma suka yi gum. Mai fito ya tara su a tsakiya, ya ɗaure da igiya. Da suka sauka a Turai aka tambaye shi waɗannan maza ne ko mata, ya ce shi bai sani ba, iti ne kawai. Tun daga ranar ba su sake magana ba.

Ƙanina Garba ya tambaya, "Dada, akuya fa? Ina aka sa ta?"

"Ba ta shiga ba, tsoron ruwa take yi. Ɓara gyaɗarka." Sannan ta juyo gare ni. "Kin ji dai. Duk abin da aka nuna miki, ki yi masa sallama a zuciyarki. In ya amsa, shi ne ko ita. In ya yi miki shiru, ki jefa shi tsakiyar jirgi."

Kwana biyu na yi ina gaida duk abin da na gani. Na gaida rijiya, na gaida rumbu, na gaida takalmin Baba, har Inna ta fara tunanin a nemo mini rubutu in sha.

Ran jarrabawa Baturiya ta iso a mota, da wani ɗan baƙin kare a bayanta. Karen ya kwanta a bakin ƙofar aji, Malam Idi yana ta janye rigarsa. Mu shida ne mata. Takan nuna abu da sanda, ke kuma ki faɗi yadda yake da Turanci. Da aka zo kaina ta nuna ƙofa. Na gaishe ta a raina, shiru. Na ce, "It is a big door." Ta nuna Malam Idi, wannan ba sai na gwada ba. Sai sandar ta sauka kan karen.

Waɗanda suka riga ni duk "it" suka ce masa, kamar yadda aka koya mana, ita kuma ta gyaɗa kai kawai. Amma ni a lokacin duk abin da Malam ya faɗa ya gudu, maganar Dada ce kaɗai ta rage. Ban san sanda sallamar ta fito fili ba. Na ce, "Sannu." Sai ga shi ya ɗago kai, ya kaɗa bindi, ya yi ɗan kuka, ya taso ya zo gabana. Da ya miƙe ne na ga ashe karya ce. Na ce, "She is a small black dog."

Malam Idi ya rufe ido. Ni ma na ce shi ke nan, na koma ɓarar gyaɗa har abada. Baturiyar ta dube ni, ta tambaya da gurɓatacciyar Hausarta don me na ce haka.

"Na gaishe ta, ta amsa," na ce.

Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta goge ido. Ta gaya wa Malam Idi cewa makarantu da yawa ta zaga, ba wanda ya taɓa kiran karyarta yadda ita take kiranta a gida. Sunana ne na farko a takardar waɗanda aka ɗauka.

Da gudu na shiga gida. Dada ta sa na maimaita mata labarin sau uku, kowane karo tana tafa hannu a wuri ɗaya. Daga baya ta ɓata rai da gangan ta ce, "Wato karya ta samu wurin zama, saniyata tana tsakiya da tukwane? In kin je Kano ki gaya musu ban yarda ba. Je ki wanke ƙafa tukuna."

Na yi shekaru masu yawa ina koyar da Turanci, yawancinsu a Tudun Wada. Na karanta littattafan nahawu masu kauri, kuma abin da na tarar bai wuce abin da tsohuwar da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba ta gano a bakin wuta. Su ma masu harshen, abin da suka shaƙu da shi ba sa iya ce masa "it". Doka tana littafi, amma wanda ke magana shi ke zaɓar gefen da zai zaunar da abu, gwargwadon yadda ya ɗauke shi a ransa.

Ina shekarata ta biyu da fara koyarwa aka aiko in zo gida maza. Na tsaya a ƙofar ɗakin Dada na yi sallama sau uku. Inna ce ta fito ta riƙe hannuna. Washegari na zauna rubuta wa shugabar makarantarmu takardar neman hutu da Turanci, ina so in ce an kai gawar Dada makwancinta da la'asar. Na san kalmar da littafi ya ce a sa wa gawa, na sha koyar da ita. Na daɗe riƙe da alƙalami, sannan na rubuta "she". Ba ta amsa mini ba ran nan, amma ban iya sa ta a tsakiyar jirgi ba.