Ranar da Na Mai da Kawuna Ɗalibi

A lokacin ni ne jami'in rajista a wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a hanyar Gusau zuwa Bungudu, inda ake koyar da tarihi da adabi da harsuna. Ajujuwa huɗu ne, sai wata darbejiya da muke kira zauren taro. Ni kuwa ji nake duk Zamfara babu mai dabarata.

Sai aka ce masu duba makarantu za su zo, in sun gamsu a ba mu lasisi. Na leƙa ajin tarihi, ɗalibai bakwai kacal. Kunya ta kama ni. Ban shawarci kowa ba na tafi Tsafe na ciko mota da dangi, na yi musu alkawarin shinkafa da nama, na raba musu littafi da biro, na zaunar da su a ajin kamar ɗalibai, na roƙe su kada kowa ya buɗe baki. Har da kawuna, manomi daga 'Yandoto, wanda na ajiye can baya saboda furfura.

Shugabar masu dubawa ta shigo ta tambayi ajin abin da suka sani game da tsofaffin garuruwanmu. Ɗalibanmu na gaske suka sunkuyar da kai. Kawu kuwa ba a ambaton tarihi ya yi shiru. Ya gyara murya, ya yi salati, ya fara da malaman 'Yandoto, ya bi zuri'a gida-gida. Ina yi masa ido, yana ɗaga mini hannu wai in bari ya gama. Matar ta cika shafi biyu da rubutu, sannan ta tambaye shi shekararsa nawa a kwalejin. Ya ce da hantsin nan ya fara, ɗan ƙanwarsa ne ya kawo shi, ga shi can tsaye, kuma don Allah a hanzarta da shinkafar, ya bar taki a gona.

Aka ɗage lasisin shekara guda, ni kuma aka sallame ni. Har yau ina nadama, don na jawo wa mutum bakwai da ba su ji ba ba su gani ba asarar shekara. Ma'aikatan makarantu, ku nuna abin da kuke da shi ko bai da yawa. A rahoton ba a ambaci ƙarancin ɗalibai ba, ƙaryar da na yi aka rubuta. Yanzu duk Alhamis kwalejin ke aiko mota a ɗauki Kawu ya je ya koyar, ni kuma a bar ni a gona ina zuba masa taki.