Batir Ɗaya, Mota Biyu

A unguwarmu ta bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa a garin Cárdenas, babu wanda bai san Onelia Duvergel ba, kuma kaɗan ne ba su taɓa shan baƙar maganarta ba. Gajeriya ce kakkaura, ta haura hamsin, kullum da baƙin mai a ƙarƙashin farcenta. Mutane suna cewa ta cika faɗa. To, ku ji abin da ta haɗiya tukuna, sannan ku yanke mata hukunci.

Ba da tuƙi ta fara ba. Ɗinki take yi a masana'antar gwamnati lokacin da ta auri Reinerio, ɗan wani tsohon direba da ya mutu ya bar wa 'ya'yansa maza biyu mota ɗaya-ɗaya, irin manyan motocin Amurkan nan da suka girmi masu tuƙa su. Ta Reinerio koriya ce, ana ce mata Fefa. Da ciwon suga ya fara cinye masa ido, Onelia ta koma sitiyari, shi kuma yana gefe yana sauraron inji yana ihu: "Sauya giya, baiwar Allah, za ki kashe mini ita!" A haka ta koya. Washegarin ranar da aka binne shi ta fito tasha tana kiran fasinjan garin Matanzas, don 'yarsu Yudelkis tana makarantar koyon jinya, kuma ba su da mai ciyar da su sai Fefa.

Ciwon kan shi ne batir. Wutar motocin nan biyu ƙarama ce irin ta da, rabin ta motocin yanzu. Ka ɗaura musu batirin zamani, nan take fitilu su ƙone, wayoyi su hau ƙauri. Nasu irin kuwa ya ɓace a kasuwa tun Yudelkis tana goye. Guda ɗaya tak ya rage wa zuri'ar, na wa da ƙane ne su biyu, wani tsoho a garin Colón yake narka darma ya sabunta musu shi idan ya gaji.

Don haka kowace safiya Eutimio, wan Reinerio, zai rungumo batirin ya tsallako titi, a ɗaura wa Fefa, a murza makulli. Da ta tashi sai a kwance shi inji na gudu, ya mayar cikin motarsa. Fefa ta wuni a kan wutar da injinta yake samarwa, da sharaɗi guda: kada ta mutu. Garinmu a shimfiɗe yake kamar tire, babu gangarar da za ka saki mota ta tashi da kanta. Onelia tana cin shinkafa da wakenta ƙafa a kan totur. Ko fitsari ne ya matsa mata, sai ta roƙi fasinja ya taka mata kafin ta dawo. Shekara da shekaru ana haka, ba a taɓa jin kan wa da ƙane ba.

Ƙasar kabarin Reinerio ba ta gama bushewa ba Eutimio ya fara zagaye Fefa yana shafa ta. Tasa motar tsatsa ta cinye, ita kuwa Fefa jikinta garau. So yake ya yanke mata rufi, ya shafe ta da fenti ruwan hoda, ya riƙa yawo da Turawa a bakin tekun Varadero.

"Ƙanwata, wannan ba aikin mace ba ne," in ji shi, da muryar nan tasa mai kama da ta limamin coci. "Ki sallama mini ita, ki huta. Ai duk gida ne."

"Yaya, in na gaji zan faɗa. Ɗaura batir, fasinja na jira."

Sai ga batir ya fara ciwo. A murza makulli, inji ya yi wani gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci, ya juya da ƙyar, ya yi shiru. Eutimio ya buɗe hannuwa, fuska cike da tausayi.

"Kin gani? Ya mutu murus. Ni ma sai an tura ni nake fita."

Babu abin da matar nan ba ta yi wa batirin nan ba. Ta kankare kawunansa da wuƙa har suka yi ƙyalli. Ta tari ruwan sama ta ɗura masa. Ta shanya shi a rana. Har ƙwayar ciwon kai ta jefa a ramukansa, don wani ya ce tana farfaɗo da shi. Wata safiyar ya tashe ta, wata safiyar ya ƙi. Ran da ya ƙi, sai ta je ta roƙi mai keken doki ya ɗaura wa Fefa igiya ya ja ta a guje har ta kama. Motar da ta kai rabin amaren unguwar nan coci, ga ta a bayan doki yana zuba mata kashi a gaba, 'yan zaman kashe wando suna tafi suna cewa, "Onelia, a ƙara mata ciyawa!" Wallahi ko ni da nake kallo raina ya ɓaci.

Fasinja ba ya jiran mai makoki. Ma'aikatan otal da suka saba bin ta da sassafe suka koma wata motar ɗaya bayan ɗaya. Tsohon nan na Colón ya riga ya mutu. Yudelkis ta zo hutu da takalmi a fashe, ta ce za ta bar karatun ta nemi shara a otal. Onelia ta zage ta tas, sannan ta shiga kicin ta tsaya gaban tukunyar da babu komai a ciki. Da yamma ta tsallaka titi.

"Yaya, ka zo ranar Asabar ka ɗauki Fefa."

Ya zo kuwa, an sha aski, an sa farar riga, da abokinsa Wilfredo mai fenti yana biye yana auna rufin motar da ido. Eutimio ya ɗaura batirin, ya matse kawunan da sifana, ya miƙo hannu a ba shi makulli.

"Bari in tashe ta da kaina," in ji Onelia. "Na ƙarshe ne."

Ta zauna, ta taka totur, ta murza. Makullin bai gama juyawa ba Fefa ta ɗauka da ruri har tagogin maƙwabta suka girgiza. Onelia ta danna oda, ta fita da ƙarar da rabonta da ji tun mijinta yana raye. Ta sauko a hankali ta leƙa cikin bonet. Shi ne dai, batirin nan nasu, da tsagar da ke gefensa.

"Yaya, wannan ba shi ne mataccen ba?"

Eutimio ya hau in-ina. Kafin ya haɗa ƙarya, Wilfredo, wanda Allah bai ba shi wayo ba, ya kwashe da dariya.

"Matacce? Haba Hajiyar mota, ai wannan batirin doki ne! In an ɗauke wuta, da shi muke kunna fanka da rediyo a gidan Eutimio har gari ya waye. In ya yi sanyi ya kai shi shagona da hantsi mu cika shi."

Kun ji fa! Wata da watanni mutumin nan yana kwana a gaban fanka yana zuƙe wutar, da safe ya rungumo fanko ya kawo wa matar ƙaninsa, ya tsaya yana kallon ta tana jefa ƙwayar ciwon kai a ciki. Ya ga an ja ta da doki. Ya ga takalmin yarinyar. Tir da wannan hali!

Eutimio ya kai sifana zai kwance batirin, wai yadda aka saba. Onelia ta saki bonet ɗin da dukkan ƙarfinta, da bai fizge hannu ba da yatsunsa sun zauna a ciki.

"Ke mahaukaciya ce? Mun yi magana! Kin ce in zo in ɗauka!"

"Na ce. Da wan mijina na yi maganar, ban san ɓarawo zai zo ba."

Ta shige, ta ja ƙofa, ta sa giya. Ya riƙe murfin taga yana bin ta da gudu-gudu, farar rigar tana shan hayaƙi, duk unguwa an fito ƙofa.

"Onelia! Batirin! Rabinsa nawa ne! Da me zan tashi tawa?"

Ta taka birki, ta leƙo da kai, idonta jawur, hawaye na zuba ba ta ko share ba.

"Ka zo ƙofata gobe da safe ka roƙa. Zan ɗaura maka, don ni ba irinka ba ce. Amma a ɗakin Reinerio zai kwana, kuma kada bakinka ya sake ce mini ƙanwata."

Ta saki kuloci, ta miƙe hanyar tasha, tana kiran fasinjan Matanzas da muryar da ba ta gama fita daga kuka ba.