Irin raken da na raba

Shekara tara ke nan da rasuwar ɗana na fari, wanda mutanen unguwarmu Dogo Tebo ke kira Malamin Rake. Ban yi boko ba. 'Yata ce ke rubuta mini, na kuma hana ta gyara ko kalma ɗaya.

Aikinsa binciken cututtukan rake ne, musamman wadda ke fitar da baƙar bulala a kan raken. Ya ce dangin funfuna ce: iska ta kwashi baƙin garinta, ya sauka a idon gaɓa, ya shige ya kwanta. Sai ka ga rake sumul, alhali ciwon na ciki, sai an dasa ya tashi. Na ce, "Ni da nake noman fadama tun ba a haife ka ba, kai za ka nuna mini ciwon da ido bai gani?"

Shekarar da bulalar ta ɓulla a fadamarmu ya ce, "Inna, don Allah bana kada ki ba kowa iri." To, a gidanmu ba a taɓa hana maƙwabci iri ba. Yana komawa wurin aiki na zaɓi masu kauri na raba wa gida huɗu.

Da bulala ta cika gonakinsu, sai magana ta tashi, wai kwalaben da yake tara ruɓaɓɓen rake a ciki ne suka jawo annoba. Har a Kasuwar Shanu ana yi masa shaguɓe: "Malam, yau wace cuta ka kawo mana?" Ya san wadda ta raba irin, bai tona ni ba. Ni kuwa na fake da kunyar ɗan fari, wai uwa ba ta shigar masa faɗa. Ƙarya ce. Sunana nake karewa.

Yau ina kallon 'ya'yan mutanen nan suna tuge mai bulala suna ƙonawa, suna neman iri daga gona mai lafiya, abin da ya yi ta roƙo ke nan. Da zai gani, murmushi kawai zai yi. An ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ga ni ina jin ta.

Koyarwarsa ta zauna, amma har yanzu in an ambace shi sai wani ya ce, "Allah ya jiƙansa, ko da yake..." Jama'a, ku sauke wannan "ko da yake" daga kan kabarinsa ku ɗora mini. Ina raye, zan iya ɗauka.