Baba Lukintu da Ɗakin Gefen Matakala

Shekara goma sha ɗaya na yi ina haya a hawa na uku na gidan nan, hawan ƙarshe, ina ɗinki a falona, kuma a tsawon shekarun ban taɓa ganin Baba Lukintu ya riƙe ko sukurdireba ba. Shi ne mai kula da gidan. Famfo, wuta, kwata, ƙofar shiga, duk a wuyansa suke, a takarda dai. Ladan aikin kuwa, ban da ɗan albashi, shi ne ciki da falo a ƙasa, gefen matakala, inda ya zauna kyauta da matarsa Inna shekara goma sha tara. Ba su da wani wuri a duniya sai nan. Inna ga ciwon gwiwa, taki uku a matakala sai ta zauna ta huta, don haka in aka raba ta da ɗakin ƙasa an gama da ita.

Sunan ba na yanka ba ne, mu muka laƙaba masa. Kafin ya zo gidan ya yi masinja a wani ofis, yana kai fayil daga tebur zuwa tebur. Wasu masinjojin kan bar ofis sun iya tuƙi, wasu sun iya buga takarda. Shi bawan Allah abin da ya fito da shi jimla ɗaya ce ta Turanci da ya tsinta a bakin darakta: "I will look into it." Wato zan bincika lamarin. Ya ga yadda mutum kan shigo yana huci, a faɗa masa wannan, ya fita yana godiya. Shi ke nan Baba ya samu sana'a.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ya iya juya ta. Ran farko da ka kai ƙara, a ce famfon banɗaki na zuba, zai gyara zaman tabarau, ya ciro ɗan littafi daga aljihu, ya yi rubutun da Allah kaɗai ya san mene ne, ya ce, "I will look into it." Ka dawo bayan mako biyu, ta koma "I am looking into it," wai yanzu ma tsakiyar aikin ka katse shi, alhali ka same shi a kujerar roba yana yanke farce. Ka zo da faɗa kuwa, sai ka ji "We are looking into it." Su wa? Shi da kujerar, ina jin. Malamin Turanci da ke hawa na biyu ya taɓa cewa ko ɗalibansa ba su kai Baba iya wannan jimla ba. Abu ɗaya ne bai taɓa ji a bakinsa ba, wato "I have looked into it," na bincika na gama.

Har cikin ɗakinsa bai bar ta ba. Inna ta ce ƙafar gado ta karye, lukintu. 'Yarsu ta kawo maganar wanda take so, lukintu, sai da ƙanin Baba ya gaji ya tsaya aka yi auren. Inna ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma wannan kam ta san fassararta. Ta ce mini da zarar ya faɗa, sai ta tashi ta yi abin da kanta.

Sai tankin ruwa na saman rufi ya fara tsiyaya, ni kuma nake ƙarƙashinsa. Da ɗan tabo ya fara a silin, kamar tafin hannu. Na kai ƙara, aka rubuta. Tabon ya kai faɗin tabarma, na sa bokiti, na ƙara da baho. Shekara biyu cur muna haka. Wata safiya ina kicin na ji rugum, na fito na tarar rabin silin ya rufto kan keken ɗinkina da leshin mutane, daidai inda nake zama. Na ɗauki guntun silin na sauka na ajiye wa Baba a cinya. Mutumin nan ya juya shi gaba da baya, ya kakkaɓe wandonsa, ya ce mini we are looking into it. Wallahi ban taɓa raina babba kamar yadda na raina shi ran nan ba.

Mu masu haya muka haɗu muka rubuta wa mai gidan. Tsoho ne, ba ya fita, sai ya turo 'yarsa, injiniya ce. Ran Litinin ta zo, ta gaishe da kowa, ta ce a kawo tsani. Baba ya ce tsanin na sito, makullin siton kuma ana nemansa. Aka yi minti ashirin ana dube-dube, ashe yana cikin zoben makullan da ke rataye a ƙugunsa, har ya yi tsatsa. Ta hau da kanta ta buɗe murfin tanki. Wata 'yar ƙwallon roba ce da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika ta fashe. Ta kira mai gyaran famfo, kafin shayin da na haɗa mata ya huce an gama. Sannan ta nemi ɗan littafin ta buɗe a gabanmu. Shafi bayan shafi, lambar ɗaki ce da kwanan wata, babu komai a gabansu.

Cikin ladabi ta gaya wa Baba za a kawo wani mai kula da gidan. Baba ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"To ɗakin fa, ranki ya daɗe? Matata ba ta iya hawa bene."

Ta dubi Inna da ke bakin ƙofa dafe da sanda, ta ce, "I'll look into it, Baba."

Na ga yadda annurin fuskarsa ya ɗauke. La'asar ba ta yi ba ya fara bin shaguna yana neman kwalaye. Inna ta roƙe shi su jira ko na mako ɗaya. Ni ma duk haushinsa da nake ji na sauko na ce masa yarinyar nan ba irinsa ba ce, ai da idonsa ya ga ta hau rufi.

Ya ce, "'Yar nan, ni za ki koya wa wannan magana? Shekara talatin ina faɗinta. Na san abin da ke bayanta."

Gara ya fita da ƙafarsa, in ji shi, da a watso masa kaya waje. Ran Laraba suka tafi gidan surukinsu can ƙarshen gari, ɗaki ɗaya a saman bene. Mutum biyu suka ɗauki Inna a kan kujera suka hau da ita.

Ran Juma'a injiniya ta dawo da takarda. Ta yi magana da mahaifinta, ta gano sabon mai kula da gidan yana da nasa muhalli, mahaifin nata kuma ya sa hannu cewa ɗakin na Baba da Inna ne muddin suna raye. Ta tarar da makullin ɗakin rataye a ƙusa, sun tashi. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta ba ni takardar in kai.

Na samu Inna zaune bakin taga, tun da aka hau da ita ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba. Baba ya karanta takardar sau biyu. Na zaci zai yi murna, sai na ga kunya ce ta rufe shi. Kwana huɗu kacal yarinya ta yi ta gama nata binciken. Yanzu da wane ido zai zauna a bakin ƙofar nan muna wucewa muna gaishe shi?

Inna ta ce, "Malam, yaushe za mu koma?"

Ya ninke takardar, ya cusa ta cikin ɗan littafinsa, bai dubi kowa ba ya ce, "I will look into it."

Inna ta jawo sandarta. Ta miƙo mini hannu ta ce, "Kama ni, 'yar nan. Ki ɗauko mini ƙullin can." Matakala goma sha takwas ce, mun fi minti ashirin muna sauka, shi kuma ko leƙowa bai yi ba.

Wata bakwai ke nan Inna na ɗakinta ita kaɗai. Kujerar robar na nan bakin ƙofa, kullum da safe sai ta goge ta. Jiya na ce ta daina wahalar da gwiwarta, ta ba ni kujerar in riƙa ɗora yadi a kai. Ta ce in bar mata kayanta, mai ita yana nan zuwa, bincike yake yi.