Hotunan da Gara Ta Ci

A gidanmu na Tamaske ni ce mai tsaron hotuna, kuma wallahi ban yi aikin da sanyin rai ba. Yayyena maza suna ci-rani a Abijan, duk mai dawowa gida sai sun ba shi hoto ya kawo mana. Wannan ya jingina da motar da ba tasa ba, wancan ya kara tarho a kunne yana washe baki. Nakan jera su cikin akwatin katakon Inna, na kowa daban, ɗaure da zare. Can ƙasa nake ɓoye na Baba, Allah shi jiƙan shi, wanda aka ɗauka wurin aikin dashen itace a Keita. Shi kaɗai ya rage wa Inna da take ganin fuskar mijinta.

A garinmu, baƙuwa in ta sha ruwa sai a miƙa mata hotuna ta kalla, in za ta tashi kuma ta zare wanda ya yi mata ta soke a zane. Ba mai kiran wannan sata sai ni. Na sha bin maƙwabta har zaurensu ina zuba masifa.

Wata damina muka buɗe akwatin, sai ƙasa! Gara ta shigo ta gindi ta cinye kome tas, har zaren. Inna ta zauna bakin ƙofa, ni kuwa na yi kuka har da majina.

Labari ya bazu. Kafin kasuwa ta zagayo mata suka fara sallama, kowace da hoto a bakin zane, ana shewa ana tona asirin juna. Wasu hotunan ma na manta da su. Na ji daɗi ƙwarai, amma na Baba shiru.

Sai ga gwaggona daga Buza, ƙanwar Baba, ta shigo tana haki, ta kwance ƙullin mayafinta. Ashe tun zuwanta Sallar Layya ta zare hoton Baba, ina can ina dama mata fura. Na buɗe baki zan yi faɗa, dariya ta ƙwace mini.

Inna ta karɓa da hannu biyu, ta goge shi a hankali, ta daɗe tana kallo.

"Ku dube shi," ta ce, "ko ranar hoto bai iya daidaita hula ba."